Fiyano mai tsaye da haɗiye sauti: a ina gyaran yake?

A wata majami'a da ke wajen Tudun Wada a nan Jos akwai wani tsohon fiyano mai tsaye, na gwanjo, wanda ya girmi yawancin 'yan kwayar da ke waƙa a gabansa. In ana waƙar sujada mai tafiya a natse, ba mai jin aibinsa. Aibin ya fito ne da wata yarinya mai shirin jarrabawar kiɗa ta fara zuwa koyo a kansa da yamma. Darasinta yana da wani wuri da ake buga maɓalli ɗaya sau shida a jere da sauri, ana sauya yatsu. Sau shida take bugawa, huɗu ke fita. Sauran biyun maɓalli ya nutse, amma shiru kake ji. Ta yi mako biyu tana ƙara ƙarfi har wuyan hannunta ya fara ciwo, kafin aka kira wani dattijo mai gyara daga Bukuru.

"Baba, ko hannuna ne bai kai ba?" ta tambaye shi.

Ya cire allon gaba, ya danna maɓallin, ya sake shi a hankali yana leƙen ciki. "A'a, 'yata, hannunki lafiya lau. Jak ne ba ya komawa ɗakinsa da wuri."

Wannan amsa ita ce maganar duka, kuma na daɗe ina ganin rashin gane ta ne ke sa ake ɓata fiyano da sunan gyara. Mutane sun ɗauka saurin maimaita sauti yana zuwa ne daga sauƙin danna maɓalli, ko daga ƙarfin bugu. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Saurin yana cikin dawowa, ba cikin tafiya ba.

Sai an ga abin da ke faruwa a ciki za a gane. Maɓallin fiyano doguwar sanda ce da ke zaune a kan wani fil a tsakiyarta; ka danna gaba, baya ya tashi. A bayan akwai wani sukuru mai faffaɗan kai da ke tura wani ɗan katako sama, wanda masu gyara ke kira wifin. A kan wifin ɗin nan jak yake tsaye, ɗan siririn itace mai ƙafa a lanƙwashe, kansa yana ƙarƙashin gindin guduma, wato sanda mai kan ulu da ke bugun tsirkiya ta fitar da sauti. Jak ya tura gindin, guduma ta nufi tsirkiya. Saura kamar milimita 3 ta isa, sai ƙafar jak ta ci karo da wani ɗan madogari, jak ya zame ya fita daga ƙarƙashin gindin. Ragowar tafiyar guduma ita kaɗai take yi. Dole ne a yi haka, domin da jak zai raka ta har ƙarshe, da ta manne da tsirkiya ta kashe sautin da ta haifa. Wannan dabarar zamewa ita ce abin da Bartolomeo Cristofori ya ƙirƙira a birnin Fulorans na Italiya wajen shekarar 1700, kuma ita ta haifi fiyano. Bayan bugu guduma ta yi tsalle baya, wani matari mai fuskar ulu da ke kan wifin ya cafke ta kafin ta yi nisa. In ka saki maɓalli, wifin ya sauka, matari ya saki, guduma ta koma mazauninta, wani ɗan sifirin ya mayar da jak ƙarƙashin gindinta. Sai a lokacin ne bugu na biyu zai yiwu. In ka danna kafin jak ya shiga, iska zai tura.

Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli mata biyu suna lugude ya san wannan lissafin. Ba ƙarfin saukar taɓarya ke kawo saurin kiɗan turmi ba, ficewarta da wuri ne domin 'yar'uwarta ta samu shiga.

A fiyano mai kwance, wato babban nan mai kama da fiffike, an magance wannan tun 1821, lokacin da gidan Érard ya yi rajistar wata ƙarin sanda mai sifirin da ke tallafe guduma a sama na ɗan lokaci. Jak yana samun sarari ya koma ƙarƙashinta tun maɓalli bai gama tasowa ba. Ga kuma nauyi yana taimako, tun da guduma sama take bugawa, ta faɗo da kanta. Mai tsaye ba shi da wannan sanda. Gudumarsa gaba take bugawa, kusan a tsaye take, sai an haɗa mata da sifirin kafin ta dawo yadda ya kamata, da wata 'yar ragama da ke ɗaure gindinta da wifin, dabarar da Robert Wornum na Landan ya yi wa rajista a 1842. Shi ya sa a mai tsaye sai maɓalli ya dawo kusan duka kafin a sake samun sauti. Kamfanin Yamaha, da ke ƙera iri biyun, yana cewa mai kwance na iya maimaita sauti kamar sau 14 a daƙiƙa, mai tsaye kuwa kamar sau 7. Bakwai ɗin nan ba kaɗan ba ne; ya ishi kusan duk abin da ɗalibi zai kaɗa. Damuwar ita ce yawancin masu tsaye da na taɓa a Jos ba sa ko kusantar bakwai ɗin, kuma ba ƙirar ce ta hana su ba.

Abu na farko da ke hana su yanayin garin nan ne, kuma a nan nake so in daɗe, domin littattafan gyara da aka rubuta a Turai ba da Filato a zuciya aka rubuta su ba. Kowace gaɓa a cikin injin fiyano siririn fil ne na ƙarfe da ke juyawa cikin rami mai shimfiɗar ƙyallen ulu. Gindin guduma yana da irin wannan gaɓa, wifin yana da ita, jak yana da ita, haka ma sandar damfa, wato ulun da ke kashe sauti in an saki maɓalli. In ka lissafa a kan maɓallai 88, gaɓoɓin sun haura 300. Ulu da katako kuwa suna shan laima. Daga Afrilu zuwa Oktoba muna cikin damina, a watan Agusta har tufafi a cikin akwati sai su yi sanyi. Ulun ya kumbura, ya shaƙe fil, jak da ya kamata ya yi tsalle ya koma sai ya dinga jan jiki kamar mai ciwon gwiwa. Ramukan da ke ƙarƙashin maɓalli su ma suna da ulu, su ma su matse. Daga ƙarshen Nuwamba hunturu ya shigo, komai ya bushe ƙayau, katako ya tsuke, sukurori su yi sako-sako, abin da ke da tauri jiya ya koma yana ƙwalƙwal. Ƙura kuma ta bi ta kowace kafa. Fiyano ɗaya ne, amma na Agusta daban, na Janairu daban.

Wannan ya sa lokacin da aka yi gyara yake da muhimmanci kamar gyaran kansa. Mai gyaran da ya zo a tsakiyar damina ya tarar da gaɓoɓi a shaƙe, ya ɗauki abin fiƙe rami ya buɗe su duka har suka yi daidai, ya yi gyaran gangar Abzinawa: hunturu na zuwa guduma za ta fara kaɗa kai hagu da dama, ta bugi tsirkiya a karkace. Abin da ya fi shi ne a fara da busar da kayan. A janye fiyanon daga jikin bangon waje da kuma taga, a duba ko rufin yana yoyo a kusa. Akwai wata sandar ɗumama mai ƙaramin wuta da ake sakawa a ciki tare da na'urar da ke kunna ta da kashe ta, domin laima ta tsaya wajen kashi 45 cikin ɗari. Tana aiki sosai, amma sai inda wutar lantarki ke zama. Gaɓar da ta ƙi saki bayan haka, masu gyara kan ɗiga mata giyar sifirit da aka sirka da ruwa kaɗan. Ulun ya jiƙe, ya matsu a jikin fil, in ya bushe sai ya ɗan tsuke ya bar wa fil hanya. Wadda ta ƙi wannan ma, ita ce za a cire wa fil a gyara ramin a sa sabo. Gwajin mai sauƙi ne: a cire guduma ɗaya, a riƙe ta ta wurin gaɓar tana reto, a ɗaga a saki. In ta yi lilo tsakanin sau 4 da 7 ta tsaya, lafiya. In sau ɗaya ta yi ta ƙame, ta shaƙe. In ta yi ta lilo ba iyaka, ta yi sako.

Roƙona ga masu kula da kayan kiɗa a majami'u da makarantu shi ne kada wanda ya kusanci cikin fiyano da man keke, ko man inji, ko man feshin nan na cire tsatsa. Ranar farko zai yi kamar ya warke. Bayan hunturu ɗaya man ya haɗu da ƙura ya zama danƙo, kuma ulu ba ya sakin mai in ya sha. Akwai ruwan santsi da aka yi musamman domin gaɓoɓin fiyano, akwai kuma garin santsi da ake shafa wa fatar gindin guduma; in babu su, a bar kaza cikin gashinta.

Akwai hanyar gane ko tauri ne matsalar ba tare da an kwance komai ba. A taka fedar dama domin a ɗauke damfa daga lissafi, a ɗora 'yan duwatsun awo a bakin maɓalli har ya fara nutsewa a hankali. Yawanci wajen giram 50 ake nema. Sai a rage nauyin a ga nawa maɓallin zai iya ɗagawa ya dawo da shi sama. Ana so ya wuce giram 20. Rabin bambancin da ke tsakanin biyun shi ne taurin gaɓoɓi. Misali, in ya nutse da 52 ya taso da 26, taurin 13 ne, ba laifi. In ya nutse da 60 ya taso da 14, kada a taɓa sukuru ko ɗaya tukuna, domin duk saitin da aka yi a kan wannan taurin banza ne. Lambar tasowar nan ita ce ta fi kusa da maganar maimaici, amma ita ce wadda ba a cika tambaya ba. Kowa "ya yi nauyi" yake cewa. Daga nan sai wani ya cusa dalma a gaban maɓalli domin ya yi sauƙin danna. Zai yi sauƙi kuwa, amma zai ƙara nawar dawowa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. A masu tsaye da yawa ma a bayan maɓalli masu ƙira ke sa dalmar, don ta taimaka masa ya dawo.

In gaɓoɓi sun saku, an ɗaure sukurori, an share ƙura, sai a zo kan saiti, kuma a jere ake yin sa domin kowane mataki yana taɓa na gabansa. Guduma a zaune tana da tazarar kamar milimita 45 zuwa 47 daga tsirkiya. Shekaru suna cin kan gudumar, tsirkiya ta yi mata zane, ulun da take jingina a kai ya lotse, tazarar ta ƙaru. Mai gyara zai goge kan gudumar da takardar yashi ya dawo da siffarsa, sannan ya sa ɗan ulu a ƙarƙashin sandar da gudumomi ke jingina domin ta matso gaba. Guduma mai gajeriyar tafiya ta fi saurin zuwa da dawowa, sai dai in an rage tazarar da yawa ƙarfin sauti zai ragu.

Daga nan sai ratar da ke tsakanin kan jak da gindin guduma, wadda a ganina ita ce zuciyar aikin. Da sukurun nan na bayan maɓalli ake saita ta. In ratar ta yi yawa, kana danna maɓalli yana tafiya fanko kafin ya kama guduma, an ci wani ɓangare na tafiyar a banza, jak bai samu isasshiyar hanya ya gama zamewa ba, mai kaɗawa kuma ba ya jin inda sautin yake a ƙarƙashin yatsansa. Wannan ita ce cutar tsofaffin fiyano, domin ulun da ke ƙarƙashin komai yana lotsewa. Amma in mai gyara ya yi zafin hannu ya rufe ratar gaba ɗaya, har jak ya ɗaga guduma daga majinginarta, to ya toshe ƙofar da jak zai bi ya koma. Zai tsaya a bakin gindin, ya kasa shiga. Abin da ake nema rata ce da ido ba ya gani sosai, kaurin takarda ko ƙasa da haka. Dattijon nan na ga yadda yake gwadawa: ya buga maɓalli da ƙarfi, ya sake shi a hankali ƙwarai, yana kallon ko jak zai faɗa wurinsa da kansa. Sannan ya ja sandar jingina baya kaɗan da yatsa. In gudumomin suka ɗan biyo ta suka tsaya, ratar ta yi. Wanda ya yi wannan saitin a hunturu ya tsuke shi iya tsukewa, ya sani damina na iya rufe 'yar ratar da ya bari. A Jos gara a bar mata ɗan numfashi.

Saitin zamewar jak da zurfin nutsewar maɓalli tare suke tafiya. Zamewa a milimita 3, nutsewa wajen milimita 10, ana daidaita ta da 'yan zobban takarda da ake sakawa a ƙarƙashin gaban maɓalli. Bayan jak ya zame ana so maɓalli ya ƙara nutsewa kaɗan, kamar milimita 1, domin jak ya kauce wa guduma mai dawowa. In ragowar nan ta gaza, guduma za ta yi karo da jak ta koma ta sake taɓa tsirkiya, ka ji sauti biyu a bugu ɗaya. In ta yi yawa, jak ya yi nisa da gida, dawowarsa ta ɗauki lokaci. Masu son sauri kan kuskure a nan ta ɓangaren zurfi, suna ganin ƙarin nutsewa ƙarin iko ne.

Matari shi ne wurin da ake samun riba mafi bayyana. Bisa al'ada yana kama guduma a kamar milimita 15 ko 16 daga tsirkiya. A tsohon fiyano za ka tarar yana kamawa can nesa, ko ma ba ya kamawa, domin fatar makama, wato wurin da matari ke kamawa a gindin guduma, ta yi sulɓi. In aka lanƙwasa wayarsa ya kama kusa, wajen milimita 12 ko 13, guduma tana tsayawa a gaba, gindinta a ɗage, jak ya fi samun sararin kutsawa ƙarƙashinta da maɓalli ya fara tasowa. Na ji bambancin wannan da yatsuna, ba ƙarami ba ne. Amma akwai iyaka. Matarin da ya matso da yawa zai goga makama tun guduma tana kan hanyar zuwa, ya rage mata ƙarfi, a bugu mai tsanani ma ya riƙe ta. Saboda haka ba a saita 88 a tashi ɗaya. A yi uku ko huɗu a tsakiya, a kira mai kaɗawa ya gwada da ƙarfi da kuma a hankali, sannan a bi sauran.

Ragama ba ta buƙatar dogon bayani: kada ta yi tsauri har ta ɗaga wifin in an taka fedar hagu, kada ta yi sako har jak ya faɗo ƙasa da gindi in an ciro injin. A nan garin dai a duba ko tana nan ma, domin ɓera na son ta, asu kuma na son ulu.

Sifirin ne inda na fi saɓa wa abin da ake yawan yi. Da an ce fiyano ba ya maimaici, hannu sai ya tafi kan sifirin guduma a ƙara masa ƙarfi. In ya karye, ko ya fita daga raminsa, ko zaren da ke riƙe shi ya ruɓe kamar yadda yake faruwa a wasu tsofaffin fiyano na Japan, lalle a gyara. Amma ƙara masa ƙarfi fiye da ƙima yana sa guduma ta dawo tana danne jak, tana bin sa a wuya har ƙasa, ta hana shi ratar da zai shiga, ga kuma ƙarin nauyi a yatsa. Wanda ya cancanci a duba shi ne ɗan ƙaramin sifirin da ke ƙarƙashin ƙafar jak. Ya yi shekaru yana matsuwa yana buɗewa, ya gaji, ya gajarce. Sauya shi ba tsada, sai dai cin lokaci, kuma sau da yawa shi ne maganin. Damfa ma tana da hannu: ya kamata ta fara barin tsirkiya lokacin da guduma ta kai rabin hanya, kuma sifirinta yana cikin abin da ke tura wifin ya dawo. Shi ya sa wani fiyano yake maimaici lafiya sai an taka fedar dama ya fara haɗiye sauti. Wanda ya ga haka ya san tauri na nan a ɓoye, sifirin damfa ne ke rufa masa asiri.

Masu ƙira ba su zauna ba a kan wannan gibi. A Jamus, Sauter ya ƙara wani sifirin da ke taimaka wa jak komawa, Seiler da Steingraeber kuma sun yi amfani da maganaɗisu. A Amurka Darrell Fandrich ya sake tsara sifirorin injin mai tsaye domin ya kusanci mai kwance. Kawai na Japan ya koma yin sassa da yawa da roba mai ƙarfi maimakon katako, abin da ke da amfani a ƙasa mai laima irin tamu, ko da yake ulun gaɓoɓi yana nan yana shan ruwansa. Duka waɗannan dabaru abu ɗaya suke bi, wato mayar da jak gida da wuri. Ba na ba wa kowa shawarar ya ɗauki maganaɗisu ko ƙarin sifirin ya liƙa wa tsohon fiyanon majami'a. Abin da aka auna a masana'anta ba a kwaikwayonsa da ido.

Kwana biyu dattijon ya yi a kan fiyanon Tudun Wada. Ya sauya fil a gaɓoɓin jak da suka ƙi saki, ya sauya sifirorin jak na tsakiya, ya rufe ratar da ta kai a zura kati, ya matso da matari. Da yarinyar ta dawo ta buga, shida suka fita. Ta gwada a hankali ƙwarai, yatsa bai bar ƙasan maɓalli ba, sai ɗaya ya sake ɓacewa. Ta dube shi.

"Wannan kam ba nawa ba ne, 'yata," in ji shi. "Mai tsaye sai kin bar maɓalli ya taso. Ki ja yatsan zuwa tafin hannu kamar mai share ƙura a bakin maɓallin, na bayansa ya sauka. Kada ki zauna a kansa."

Ya mayar da allon gaba, ya ce wa dattijon ikilisiya a janye fiyanon taku ɗaya daga bangon, kuma a neme shi a watan Janairu in hunturu ya kankama, domin sukurorin da ya ɗaure yanzu za su saki, ratar jak ma sai an sake duba ta.